Tafiya Sannu-Sannu Kwana Nesa

Jawabin da kwamitin lafiya ya gabatar a taron ƙungiyarmu ta 'yan asalin ƙasar Katagum mazauna Sabo, Ibadan. Mun buga shi a nan domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa matasa, muna yi wa kowa sannu da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya. Muna kuma godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu dama mu yi magana a kan abin da ya shafi kowa a cikinmu, babba da yaro, mace da namiji, watau motsa jiki.

Mun san da jin wannan kalma wasu iyayenmu har sun fara gyara zama, suna cewa a ransu, "To, yau kuma ƙwallo za a ce mu buga da furfurarmu?" A kwantar da hankali, ranku ya daɗe. Babu wanda za a ce ya yi gudu, ko tsalle, ko ɗaga ƙarfe. Maganarmu ta yau a kan motsi ne mai sauƙi, wanda ba ya jijjiga gwiwa, ba ya cin ko kwabo, wanda dattijo mai shekara 70 zai yi da rigarsa da hularsa ba tare da girmansa ya zube ba.

Ga abin da ya sa muka ɗauki maganar da muhimmanci. Kowannenmu da ya baro Azare, ko Madara, ko Cinade, ko Gamawa, ko Shira, ko Itas, buri guda ne ya kawo shi Kurmi: a nemi halal, a yi gini a gida, a aurar da 'ya'ya, sa'an nan a koma a ƙarasa kwanaki cikin dangi. To amma da wuya a sami wanda ke zaune a nan da bai san wani ɗan'uwa da hawan jini ko ciwon sukari ya kayar tun bai kai ga cin moriyar wahalarsa ba. Cuta da lafiya duk na Allah ne, wannan babu ja. Sai dai Wanda ya saukar da cuta Shi ne ya hore mana sababi, kuma cikin sababan da likitoci suka tabbatar babu mai araha kamar ƙafafun nan biyu.

YADDA GIDA YA RAINE MU

Mu ɗan waiwaya gida tukuna. A ƙasar Guddiri da muka taso babu wanda ya san wani abu wai shi motsa jiki, domin rayuwar ce gaba ɗayanta motsi. Da asuba magidanci zai saɓa fartanya ya nufi gona, sau da yawa tafiyar rabin awa ko fiye, cikin rairayin jigawa da ƙafa ke nutsewa a ciki. Daga sharar gona sai shuka, sai noman fari, sai maimai, sai yankan gero da dawa, sai cirar gyaɗa da roron wake. Rani na shigowa, mutanen bakin kogin Jama'are su gangara fadama, wasu lambu, wasu kamun kifi. Ranar kasuwar Azare kuwa, tun da sassafe za ka ga mutanen Buskuri da Ragwam da Yayu suna kwararowa, wani a ƙasa, wani a keke, wani yana kora jaki, ga matan Fulani da ƙwaryar nono a ka.

Iyayenmu mata ma ba su san zama ba. Ga surfe, ga daka, ga niƙa a dutse, ga jan guga a rijiya mai zurfi, ga sussuka da shiƙa. Yara kuwa in ba su wajen kiwo, suna dandali suna langa da kokawa da gaɗa.

In muka ƙara komawa baya abin ya fi haka. Tsakanin tsohon garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19 bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da garin Azare, inda aka mayar da fadar sarki a zamanin Turawa, akwai kusan kilomita 70, kuma a ƙasa ko a kan dabba kakanninmu ke yin ta. Fatake sun yi watanni a hanyar Gwanja neman goro. Mahajjata sun bi ta Borno da Sudan da sandarsu da gorarsu, wasu shekaru suke yi kafin su dawo. Ita kanta wannan unguwa tamu ta Sabo, da aka kafa a 1916, matafiya ne suka raya ta, masu fataucin goro da masu koro shanu daga Arewa. Ai ma'anar zango ke nan: inda matafiyi ke sauke kaya ya kwana, gari ya waye ya tashi.

Kada a ɗauka muna cewa zamanin da ya fi na yanzu daɗi. An sha fama da ƙyanda da agana da kurkunu da yunwa, kuma daka da ɗaukar kaya sun lanƙwasa bayan mata da yawa. Babu mai son a koma can. Abin da muke nunawa shi ne, jikin da muka gada an saba masa da motsi tun yana ƙarami.

ABIN DA YA SAUYA

To yanzu mu dubi wuninmu a nan. Mai canjin kuɗi kan benci yake tun hantsi har magariba. Mai shago yana kan kujera, yaro ne ke miƙo kaya. Dillali a Bodija yana kan tabarma da waya a kunne. Tela da mai ɗinkin hula kansu a sunkuye. Direban babbar mota kuwa zai yi wajen kilomita 1,000 daga nan zuwa Azare yana zaune wuri guda. In za a je Mokola, nan da nan ɗin nan, sai an tare okada ko 'yar Micra. Uwargida tana cikin ɗaki ɗaya ko biyu na haya, babu faɗin tsakar gida irin na can, niƙa a inji, ruwa mai ruwa ke kawowa. Ga shayi mai kauri da sukari safe da yamma, ga lemon kwalba, ga tuwo mai nauyi da dare, a ci a kwanta. Cin manomi muke yi, amma aikin manomi ya bar jikinmu.

Can gida ma haka abin ya fara zama. Wanda ya je Azare kwanan nan ya ga yadda babura da Keke Napep suka cika gari. Daga Matsango zuwa Bakin Kasuwa, ko daga Ƙofar Gabas zuwa tasha, tafiyar da a da ko yaro ba ya kira tafiya, yau sai an hau abin hawa. Wannan ci gaba ne, mun gode wa Allah, amma ya zo da nasa haraji.

Ba mu kaɗai ne ba kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2024 cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon bukata, kuma abin ya fi yawa ga mata da waɗanda suka haura shekara 60.

ME ZAMA KE YI WA JIKI?

Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Likitoci sun gano gaskiyar wannan magana ta hanyoyi da dama, bari mu kawo huɗu.

Na farko, sukari. Duk tuwon da muka ci, ko shinkafa, ko burodi, jiki na mayar da shi sukari ya shiga jini. Manyan masu shanye wannan sukari su ne tsokokin cinya da na sharaɓa, amma sai suna aiki suke shansa sosai. In mutum ya ci ya zauna, sukarin ya daɗe yana yawo cikin jini, a hankali yana lalata jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa.

Na biyu, jini. Jijiyoyin jini kamar tiyo suke, motsi na sa su yi laushi su buɗe, zama na sa su ƙandare. Mai hawan jini da ya riƙe tafiya kullum, lambar sama ta awonsa kan sauka da maki 5 zuwa 8, kuma wannan ragi ba ƙarami ne ba wajen kauce wa shanyewar ɓarin jiki.

Na uku, gwiwa. Guringuntsin da ke cikin gaɓa ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓar yake samun abincinsa, kuma sai an motsa ruwan ke zagayawa. Shi ya sa mai ciwon gwiwa ya fi jin jiki in ya tashi daga dogon zama. Bincike ya kuma nuna duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage, ya sauke wa gwiwarsa nauyin wajen kilo 4 a kowane taku.

Na huɗu, rai. Mai tafiya ya fi samun barci, damuwarsa ta fi sauƙi, cikinsa ba ya yawan ɗaurewa.

Akwai wani labari da zai yi wa 'yan'uwanmu na tasha daɗi. A birnin Landan na ƙasar Ingila, wani likita mai suna Jeremy Morris ya binciki ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu, ya fitar da sakamako a 1953. Direba da kwandasta mota ɗaya suke, awowin aikinsu ɗaya. Bambancin kawai shi ne direba na zaune, kwandasta kuwa wuni yake yi yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya da mutuwar farat ɗaya sun fi kama direbobi nesa ba kusa ba. Haka ya samu tsakanin masu raba wasiƙa a ƙasa da akawun da ke zaune a ofis. Daga nan duniyar likitanci ta farga.

A Amurka kuma an gwada mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba tukuna, aka bayyana sakamako a 2002. Waɗanda aka ba ƙwayar magani, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 31 cikin 100. Waɗanda aka sa su gyara cin abinci, su rage ƙiba kaɗan, su riƙa tafiya ta minti 150 a mako, nasu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Kun ji fa, jama'a. Gyaran ci da tafiya sun kusa ninka aikin ƙwaya, kuma dattawa 'yan shekara 60 zuwa sama su suka fi kowa cin riba.

NAWA NE YA ISA?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce, babban mutum ya sami aƙalla minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici. In muka raba 150 gida 5, minti 30 ke nan a rana, kwana 5 a mako. Ba dole ne a yi shi a haɗe ba: minti 10 da safe, 10 da rana, 10 da dare duk lissafi ɗaya ne. Ta ƙara da cewa a yi abin da zai ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su ƙara da abin da zai hana su tangaɗi da faɗuwa, kwana 3 a mako. Yara minti 60 kullum.

Yaya mutum zai gane matsakaici? Ga ma'auni mai sauƙi: tafiyar da za ka iya hira da abokinka a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. In numfashi ya hana ka magana, ka yi sauri da yawa, sassauta.

Wasu matasanmu na da wayoyi masu ƙirga taku, suna cewa sai an yi 10,000 a rana. Wannan lamba daga tallar wata na'urar ƙirga taku ta samo asali, a ƙasar Japan a 1965. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2019, a kan mata fiye da 16,000 waɗanda matsakaicin shekarunsu 72 ne, ya nuna masu taku 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma amfanin na ƙaruwa har wajen taku 7,500. Saboda haka kada babbar lamba ta karya wa kowa gwiwa. Wanda ya fi kowa cin riba shi ne wanda a da ba ya yin komai, sa'an nan ya fara kaɗan.

HANYOYI MASU SAUƘI

Ta farko kuma uwarsu duka ita ce tafiya. Wanda ya daɗe bai yi ba ya fara da minti 10, ya riƙe shi mako guda, sa'an nan ya riƙa ƙara minti 5 duk mako har ya kai 30. A fara a hankali, a ɗan ƙara sauri a tsakiya, a sassauta kafin a tsaya. Ibadan gari ne mai tudu da gangare, don haka mai ciwon gwiwa ya zaɓi shimfiɗaɗɗiyar hanya, domin gangara ta fi hawa cin gwiwa. Filin wasa na Adamasingba ga shi nan kusa da mu. A sa takalmi mai taushi wanda ya riƙe dunduniya, silifas ba na doguwar tafiya ba ne.

Mu da muke zuwa masallaci sau 5 a rana Allah ya sauƙaƙa mana lissafi. In masallacin tafiyar minti 3 ne, zuwa da dawowa sau 5 minti 30 ke nan cif. Malamanmu sun sha faɗa mana falalar taku zuwa masallaci, ga shi likita ma ya zo ya ƙara da tasa shaidar. Ruku'u da sujada suna taimaka wa gaɓoɓi su saki, amma ba sa sa zuciya ta ƙara bugu kamar tafiya, don haka a haɗa biyun. Masu niyyar aikin Hajji kuwa su sani, Safa da Marwa kaɗai wajen kilomita 3 ce, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Wanda ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera, ya kamata ya yi wata 3 yana shirya ƙafarsa.

Ta biyu, 'yar tafiya bayan cin abinci. Minti 10 zuwa 15 bayan tuwon dare na rage hawan sukarin da ke biyo bayan ci. Ko kai-da-kawowa ne a ƙofar gida ya wadatar.

Ta uku, tashi-zauna. A sami benci ko kujera mai ƙwari a jingine ta da bango. A zauna, a harɗe hannu a ƙirji, a miƙe tsaye a hankali, a koma a zauna a hankali ba tare da an faɗa ba. Sau 8 zuwa 10, a huta, a sake. Wanda ya kasa ya dafa da hannu har ƙarfi ya zo. Wannan shi ke riƙe wa tsoho ƙarfin cinya, kuma ƙarfin cinya shi ne 'yancin tsoho: da shi zai tashi daga tabarma, ya kewaya bayi, ya yi sallarsa ba sai an kama shi ba.

Ta huɗu, ɗage. A dafa bango, a ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu, a sauko a hankali, sau 10 zuwa 15. Tsokar sharaɓa ita ke tura jini daga ƙafa ya koma zuciya, don haka wannan na rage kumburin ƙafa ga masu dogon zama. Direbobi da fasinjojin hanyar gida, duk inda aka tsaya salla ko shan mai, a sauko a taka, a yi ɗage kafin a koma mota.

Ta biyar, tsayuwa da ƙafa ɗaya. A dafa bango ko bayan kujera, a ɗaga ƙafa ɗaya kaɗan, a ƙirga 10, a sauya. A hankali a kai 30. Faɗuwa babbar abokiyar gabar tsufa ce, domin tsohon da ƙashin ƙugunsa ya karye sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Mutanen Sin na da wani motsi na gargajiya a hankali kamar mai iyo cikin iska, suna kiransa Tai Chi. An gwada shi a kan tsofaffi 'yan shekara 70 zuwa sama a birnin Atlanta na Amurka, sakamakon da ya fito a 1996 ya nuna ya rage musu yawan faɗuwa da kusan rabi. Sirrinsa shi ne koya wa jiki mayar da nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan cikin natsuwa.

Ta shida, ta hannu da kafaɗa. A tsaya taku ɗaya daga bango, a dafa shi da tafuka biyu, a kai ƙirji kusa, a tura a dawo, sau 10. A cika robar ruwa biyu a riƙa ɗagawa. Teloli da masu ɗinkin hula su riƙa juya wuya da kafaɗa a hankali, su miƙe su bankare duk bayan rabin awa. Mai shago ya daina aiken yaro kowane abu, wani lokaci ya tashi ya ɗauko da kansa. In waya ta shigo, a amsa ta a tsaye.

Iyayenmu mata, duk waɗannan da muka lissafa ana yin su a cikin ɗaki ko a tsakar gida, babu wanda sai an fita. Shara da wanki da goge-goge suna cikin lissafi in an yi su da kuzari. Maƙwabta biyu ko uku su sa lokaci bayan la'asar su yi tare. Mai juna biyu ma, in awo bai nuna matsala ba, tafiya a hankali na taimaka mata. Mu kuma magidanta, haƙƙi ne a kanmu mu ba da dama, mu raka su ziyarar dangi a ƙasa in wurin ba nisa.

IYAYENMU NA GIDA

Alhamdu lillahi, 'yan ƙungiyar nan ba su da rowa ga iyaye. Wata ba ya ƙarewa ba a aika ba. Ana saya wa Baba babur, a ɗauki 'yan ƙwadago su yi masa noma, a sa wa Inna 'yar aiki, a ce su zauna su huta. Allah ya saka da alheri. Abin da za mu ƙara a kan wannan alheri shi ne, a sauke musu nauyi amma a bar musu motsi. A ɗauke wa Baba huɗa da ɗaukar dami, amma a bar shi ya taka zuwa gona ya duba, ya ba tumakinsa harawa, ya je majalisa da zumunci da ƙafarsa. A ɗauke wa Inna daka, a bar mata tsintar wake, da shara, da zuwa barka da gaisuwa. Tsohon da aka zaunar da shi wata biyu, cinyarsa kan zube fiye da yadda ake zato, kuma dawo da ita aiki ne. Wanda tsohon kekensa Raleigh ko Phoenix ke jingine a zaure, in har idonsa da kansa lafiya, a gyara masa, domin keke ba ya dukan gwiwa.

A kula da yanayin can. Daga Maris zuwa Mayu zafin Azare kan haura 40 a ma'auni, saboda haka tafiya sai bayan asuba ko gab da magariba, da ruwan sha a hannu. Lokacin hunturu, masu asma da tari su bari rana ta ɗaga, su rufe hanci saboda ƙura. Da azumi a mayar da tafiya bayan buɗe baki, zuwa tarawihi a ƙasa ma ya isa.

Sa'an nan in mun je gida da salla, mu kai su awon jini da na sukari ko da sun ce lafiyarsu ƙalau, domin hawan jini ba ya sallama. Azare ta yau ba ta rasa likitoci ba, ga asibitin tarayya, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a garin a 2021. Na'urar awon jini ta gida na cikin tsarabar da ta fi turmin atamfa amfani.

A YI HATTARA

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, ko wanda awon jininsa ya yi sama ƙwarai, ya ga likita kafin ya fara. Mu a nan asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, yana kusa da mu, ga kuma ƙananan asibitoci. In ana cikin tafiya aka ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take a nemi asibiti, kada a ce bari a ga gobe. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai, amma ciwo mai suka a gaɓa ko kumburi alama ce ta a rage.

Mai ciwon sukari kada ya taka ƙasa babu takalmi, ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, domin ƙaramin rauni kan zame masa babba. In yana allurar insulin ko ƙwayar da ke saukar da sukari, ya sa dabino a aljihu saboda rawar jiki da gumi. Mafi muhimmanci, kada wanda ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai don ya fara tafiya. In awo ya yi kyau, likita ne zai rage da kansa.

MAGANAR GIRMA

Saura abu guda da muka san shi ne ainihin cikas. A wajenmu, in aka ga Alhaji mai mota yana tafiya a ƙasa, kafin ya kai kwana an tsaya masa sau uku, "Alhaji lafiya? Ina motar? Hau in ƙarasa da kai." Wasu kuma su koma gefe su ce ai ya karye. Wannan tsoron bakin mutane ya zaunar da da yawa daga cikinmu. Maganinsa shi ne manya su fara. Ranar da aka ga shugabannin ƙungiya da limamai da manyan 'yan kasuwa sun jero su huɗu bayan asuba suna tafe suna hira, daga ranar abin ya tashi daga abin kunya ya koma abin koyi. A Japan tun 1928 aka fara sa darasin motsa jiki a rediyo da sassafe, tsoho da jika da ma'aikaci su yi tare, har ya zame musu al'ada. 

SHAWARWARINMU

Kwamiti na roƙon taro ya amince da abu huɗu. Ɗaya, kowane layi a sami mutum 3 ko 4 da za su riƙa fita tare bayan sallar asuba, in ɗaya bai fito ba a ƙwanƙwasa masa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Biyu, iyayenmu mata su zaɓi wakiliya a kowane gida mai yawan haya, kwamiti zai nemo ma'aikaciyar lafiya mace ta nuna musu waɗannan motsi a aikace. Uku, ƙungiya ta sayi na'urar awon jini, a riƙa auna duk mai so kafin a buɗe kowane taro, a rubuta masa a kati. Huɗu, duk wanda ya buga waya gida, bayan ya tambayi lafiya da damina da kuɗin cefane, ya ƙara tambaya ɗaya: "Baba, yau ina da ina ka taka?"

Wanda zai fara, ya fara gobe da minti 10. Sannu ba ta hana zuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu na nan da na gida sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya yi wa nemanmu albarka, ya zaunar da Sabo da ƙasar Katagum da Nijeriya baki ɗaya lafiya.